Amfilifayar Baba ta zamanin da: in gyara ta ko in sayi hom tiyata kawai?

Ɗan Gwale:

Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar sauti ku taimaka min da shawara. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da amfilifayarsa a ƙarƙashin gado an nannaɗe ta da tsohon bargo. Sansui ce AU-717, baƙa wuluk, da na ɗaga ta sai da na ji a ƙuguna. Akwai manyan sifiku biyu na katako da garmaho Technics da faya-fayai kusan kwali guda. Ni da sautin abin nan na taso, duk Juma'a bayan la'asar Baba zai zauna kan kujerarsa ya ɗora faifai, kuma ba yaron da ya isa ya gifta ta gabansa har sai faifan ya ƙare.

To na jona ta, fitilar gaba ta yi ta ƙyaftawa ta ƙi tsayawa, can bayan kamar minti biyu ta yi ƙas sai sauti ya fito, amma in na murɗa bolum sai ta riƙa ƙwarrr ƙwarrr, sifikar hagu kuma tana wani ɓurɓur kamar mai mura. Abokina ya ce in daina wahalar da kaina, wai wat 85 ce kacal, a Sabon Gari akwai hom tiyata an rubuta 5000W a kwali ga bulutut ga rimot. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Wanne zan yi?

Injiniyan Sabon Garin Zariya:

Allah ya jiƙan Baba da rahama. Ƙanena abu na farko, zare ta daga soket yanzun nan kar ka ƙara kunnawa. Abin da ya shekara da shekaru a ajiye ba a tashinsa da gaggawa, kuma wannan ƙyaftawar da ka gani ita ce kariyar da aka yi mata, tana hana wuta mara kyau ta wuce zuwa sifika. In ka matsa mata wata rana kariyar ta gaza, sifikun Baba ne za su ƙone.

Na biyu ka juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wutarmu 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Waɗanda aka yi don fitarwa ƙasashe suna da wurin canza lamba, ka tabbata tana kan 220 ko 240. Tunda Baba ya yi amfani da ita a nan inaga daidai take amma ka duba dai, na sha ganin mutum ya sayo ta hannu daga Alaba ya cusa ta a bango ba tiransifoma, hayaƙi kawai.

Sai maganar abokinka. Wlh wannan 5000W ɗin ita ce ƙaryar da ta fi daɗewa a kasuwa. Ka duba kwalin da kyau za ka ga an rubuta PMPO a gefe da ƙananan haruffa, lamba ce ta talla da ba ta da ƙa'ida, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Ka juya bayan hom tiyatar ka ga wutar da take ja daga bango, sau da yawa ba ta kai wat 100 ba, to ta ina za ta fitar da dubu biyar? A ina ta samo ragowar? Ita kuwa ta Baba wat 85 ce a kowane ɓangare a kan om 8, kuma za ta riƙe shi tun safe har dare. An fito da ita 1977, nauyin da ka ji a ƙugunka tiransifoma ne guda biyu a ciki, hagu da nata dama da nata. Kuma mutane ba su san in ka ninka wat ba ka ninka ƙara ba, ɗan ƙari kaɗan za ka ji, sai ka ninka kusan sau goma kunne zai ce maka ƙarar ta ninku. A falo irin namu da sifika mai kyau wat biyu uku ma ya isa matar gida ta leƙo ta ce ka rage.

Ciwonta kuwa na tsufa ne, duk yana gyaruwa. Ƙwarrr ɗin bolum ƙura ce da datti, hazon Kano na shekara arba'in, da feshin wanke kontak ake maganinsa, kar ka yarda a zuba mata fetur ko man keke. Kafasito kuma, 'yan gwangwanayen nan da ke tara wuta a cikinta, bushewa suke in sun tsufa musamman a zafinmu, sannan kamfanonin Japan na lokacin suna liƙe manyan da wani gam wanda in ya daɗe yake komawa ruwan ƙasa ya riƙa cin ƙafafun abin da ke kusa da shi, sai an kankare shi tas an canza waɗanda ya ci. Sifikar hagu ka cire murfin yadin ka duba gefen kwanon, in soso ne to ya ruɓe, ana sake shi ba sai an canza sifikar ba.

Gargaɗi ɗaya. Kar ka kai ta gun mai gyaran da zai ce maka kayan ciki sun tsufa bari ya sa maka sabon bod. Zai kwashe na asali ya ɗora ɗan bod na Chana ya ba ka kwandon banza, shi kuma ya sayar da kayan. Ka tsaya a kansa ko ka ɗauki hoton cikin kafin ka bari.

Sadiq_Bass:

Ni fa gsky ban gane wannan wahalar ba. Ka sayi sawunba ka jona da waya shikenan, ga bes har gilashin taga na rawa. Wa yake da lokacin juya faifai duk bayan minti ashirin a wannan zamanin, ga tsadar rayuwa. Ka ajiye ta a matsayin tarihin Baba kawai.

Baban Halifa, Kaduna:

Sadiq ɗana, gilashi na rawa ba shi ne sauti ba, mota mai fasasshen salansa ma tana sa gilashi rawa.

Ɗan Gwale ka bi maganar Injiniya, ni abin da zan ƙara shi ne bayan gyara. Na shekara fiye da talatin ina wannan haukar, matata haka take kiranta, na fara da Kenwood na koma Pioneer yanzu ina kan Marantz, kuma abin da na gane a makare shi ne rabin sautin ɗaki ne ke ba da shi. Gidajenmu na yanzu tayil a ƙasa, siminti a bango, silin mai santsi, ka tafa hannu ka ji amsa kuwwa kamar kana cikin banɗaki. Ko amfilifayar miliyan nawa ka saka a irin wannan ɗakin hayaniya za ka ji. Ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, ka sa labule mai nauyi, in akwai kantar littattafai ma ta taimaka. Falon Baba na da ai ka tuna, da kafet da kujeru masu laushi, shi ya sa kake tuna sautin da daɗi.

Sannan kar ka yi irin na mutanenmu, sifika ɗaya a saman wadrob ɗaya a bayan ƙofa. Ka ajiye su a jere suna fuskantarka, tazarar da ke tsakaninsu ta zama kusan daidai da tazarar kowace zuwa kujerarka, ƙaramar sifikar sama ta zo saitin kunnenka in kana zaune, ka ɗan janye su daga bango kamar kamu ɗaya ko biyu in ba haka ba bes ɗin zai kumbura ya rufe komai. In ka dace da wurin, ka rufe ido, za ka ji muryar mawaƙi tana fitowa daga tsakiya inda babu sifika ko ɗaya. Ranar da na fara jin haka sai da na tashi na taɓa bangon. Kalangu kana jin yadda makaɗi yake matse tsarkiya yana saki, kuntigi kana jin tsirkiyar na karkarwa bayan an kaɗa, 'yan amshi suna can baya kaɗan. A ƙaramar sifikar waya duk wannan cakuɗewa yake ya zama abu ɗaya.

Kuma ba waƙa kaɗai ba. Ni da azumi karatun Alƙur'ani nake sakawa bayan asuba a hankali, kana jin numfashin makaranci kafin ya ɗauki aya. Murya ce ma take tona asirin sifika, in ta ƙarya ce sai ka ji mutum kamar yana magana ta cikin tulu.

Bulutut ɗin da abokinka yake maka kwaɗayi, akwai ɗan akwatinsa ana sayarwa, ka jona a AUX a baya shikenan ta zama 'yar zamani. Kar dai ka sa shi a ramin PHONO, wannan na garmaho ne kaɗai, siginar allura ƙarama ce sosai shi ya sa ramin yake ƙara mata ƙarfi, in ka sa waya a nan sautin fashewa zai yi. Amma ka sani waƙoƙin da masu turi suke loda maka a memori yawanci an matse su zuwa kilobit 128 a daƙiƙa, CD kuwa 1411 yake, kayan kirki ba sa rufa wa mummunan rikodin asiri, za ka fara jin tsiyar da da ba ka ji.

Mahamadu na Maraɗi:

Gaisuwa mutanen Najeriya. Ni maganar faya-fayan nan ta tsaya mini. Kwali ɗan'uwa? A kwance ko a tsaye? In a kwance suke ɗaya bisa ɗaya ka tashe su tsaye yau, kuma nesa da taga da kwanon rufi, zafin watan huɗu yana lanƙwasa faifai kamar gurasa, in ya lanƙwashe an gama. Ka wanke su da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layin, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Allura kuma ka sake sabuwa kafin ka ɗora ko ɗaya, tsohuwar allura cin faifai take. Ka duba lambar gudun juyawar faifai, akwai 33 akwai 45, in ka tarar da masu nauyi masu saurin fashewa na 78 ne, waɗannan allurarsu daban ce, ka ajiye su gefe, wataƙila ma akwai kiɗan da ba ya ko'ina yanzu sai gunka.

Sai kuran, wato wutar lantarki. Mu nan ma haka muke fama, a ɗauke a kawo. In an ɗauke ka kashe ampli ka zare, in an kawo ka jira minti kaɗan, farkon dawowar nan ne ke kashe kaya. Ƙaramin janareta kar ka yarda. In sola gare ka ka tambaya inbatar mai tsabtataccen layi ce ko mai araha, mai arahar tana sa tiransifoma gurnani zzzz ya yi zafi, ni da kunnena na ji a tawa sai da na canza.

Maman Iman:

Ni mijina ɗan wannan ƙungiyar ne, na shigo in ga ko akwai mai magani 😂 Mutum ya dawo daga kasuwa ya ci abinci ya zauna a kujera ɗaya tak wai ita ce tsakiya, ya rufe ido kamar mai wuridi. Na taɓa matsar da sifika zan yi shara, da ya dawo ko kallonta bai yi ba daga jin waƙa ya ce wa ya taɓa ta hagu. Amma gsky zan faɗa, tunda na saba da nasa in na je biki na ji sifikun DJ kaina ciwo yake. Ɗan Gwale ka gyara kayan mahaifinka, kawai in dare ya yi ka tuna maƙwabta na da haƙƙi, kuma ka sa yadin gaban sifikar in kana da yara, ɗan yatsa ɗaya suke lotsa tsakiyar.

Ɗan Gwale:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka. Ga inda aka kwana. Na samu wani dattijo mai gyaran rediyo, da ya buɗe ta sai da ya yi shiru ya ce rabon da ya ga irinta tun yana yaron shago. Gam ɗin nan da Injiniya ya faɗa yana nan ya ci ƙafar abubuwa uku, ya kankare ya canza kafasito ya wanke bolum, ina zaune a kansa kwana biyu. Soson sifikar hagu kuwa da na taɓa sai ya zube kamar garin kuka, an sake na duka biyun. Faya-fayan a kwance suke Malam Mahamadu, guda shida na ƙasa sun tafi, sauran lafiya. Allura ce ban samu ba tukun don haka ta waya nake ji.

Saura abu ɗaya, na yi jerin da Baban Halifa ya ce, na aro kafet ɗin Hajiya, amma muryar ta ƙi zuwa tsakiya, kamar tana yawo a bayan kaina, bes kuma ya yi siriri, abin mamaki in na murɗa balans zuwa sifika ɗaya sai bes ɗin ya fi yawa. Ko mai gyaran ya ɓata wani abu ne?

Injiniyan Sabon Garin Zariya:

Bai ɓata komai ba, kai ka juya waya. Ɗaya daga cikin sifikun ka sa ja a baƙi, baƙi a ja, sai ɗaya na turawa ɗaya na ja suna cinye bes ɗin juna. Kashe ta, ka bi wayoyin biyu daga bayan amfilifaya har sifika, ja ga ja baƙi ga baƙi, ka murɗe silin wayar sosai kar gashi ɗaya ya taɓa na kusa da shi. Allurar kuma ka turo min lambar da ke jikin kan da ake maƙala ta, zan duba cikin tarkacena.