Zan tura difaranshal na BMW daga Kano zuwa Legas, ya zan yi kada in tafka asara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da BMW E36, 325i mai giyar hannu, ƙirar 1994. Bara wani ya daki gabanta, gyaran ya fi ƙarfin aljihuna, sai na koma sayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu saura difaranshal, ƙullin giyar nan na baya da ke raba wa tayoyi ƙarfi. Wani matashi mai wasan mota a Legas ya ga hotonsa ya maƙale, wai mai kulle yake nema, wato LSD, wanda ke riƙe tayoyin baya biyu su ja tare ko da ɗaya ta zame. A ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfin an buga S3.15. Mun daidaita a farashi, amma ya ce ba zai biya ba sai kaya sun shiga hannunsa, ni kuwa ko a hanya ban san shi ba. Ga nauyi, ni da ƙanena muka kinkime shi da kyar. Ga mai a ciki. Ta ina zan fara?

Makanike daga Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar mota, tabbatar da abin da kake sayarwa. Harafin S ɗin nan shi ne alamar mai kulle, 3.15 kuma lissafin giyarsa ne, ya dace da 325i mai giyar hannu. Amma wannan ɗan ƙarfen noti ɗaya ne ke riƙe da shi, kowa na iya cire shi ya ɗaura wa wani. Mai sayen ya san haka, shi ya sa yake ɗari-ɗari.

Ɗora shi kan benci ka kunna bidiyo. Juya bakin da ke zuwa taya ɗaya da hannu. In ɗaya ɓangaren ya bi shi suka juya gefe guda, mai kulle ne. In ya juya baya, na gama-gari ne, kada ka ci kuɗin mutane. Sai ka sa alli a bakin da farfela ke kamawa, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giya, ka ƙirga: sau uku da ɗan ɗori zai zaga kafin na taya ya zaga sau ɗaya. Kwance notin tsiyayar mai, a bidiyon dai, ka tara a farin kwano, kusan lita biyu zai fito. Ɗan baƙi-baƙi ba komai. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli kamar an watsa yashi, akwai boris ko haƙorin da ya ci. Faɗa masa gaskiya ka rage kuɗi.

Abu ɗaya nake roƙonka: babban notin nan na gaba, na bakin farfela, kada ka taɓa shi. Da awo aka ɗaure shi. Yara kan kwance wai don kaya su shiga kwali, daga nan sai kuka a kan titi kamar jiniya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Oga. Wallahi da yau na yi niyyar kwance shi.

Wani ɗan wasan mota a Abuja: Ka tambaye shi motarsa tukuna. In E46 ce, ƙirar da ta biyo bayan taka, ba zai zauna ba, mazauninsu daban. In kuma 318i ce mai silinda huɗu, nata ƙarami ne, faɗin babbar giyar cikinsa 168mm, naka 188mm, sai ya yi 'yan canje-canje. Ya sani tun yanzu, kada gobe ya ce ka turo masa abin da bai shiga ba. Ka kuma gaya masa babu mai a ciki, ya zuba man giya 75W-140 na masu kulle kafin ya tayar.

Direban babbar mota: Ni kwali ne ban yarda da shi ba sam. Abu mai kilo wajen 35 zuwa 40, ya yi tafiyar kilomita dubu ana jifa da shi? Tun kafin Kaduna zai huda kwalin. Na taɓa ɗauko wani irinsa, ba a tsiyaye man ba, ya kwanta a gefe ya tsiyaya ta ɗan bututun numfashinsa a kan dilar shadda. Warin man giya kuwa ba ya fita. Ni na biya.

Tsiyaye shi ya kwana a kife. Toshe bututun da leda. Cire sensar gudu da ke jikin murfin baya, roba ce, ita ke fara karyewa, ka ƙulle ta daban. Sai ka je wurin kafinta ya buga maka akwati daidai shi, a ɗaure shi da noti a jikin katakon ƙasa, a cusa tsohon soso ta ko'ina. A sa igiya gefe biyu ta kamawa, don abin da ba shi da mariƙi yaran mota mirgina shi suke yi. Rubuta lambar wayarku ku biyu a jikin katakon da fenti, takarda yagewa take.

Hajiya mai atamfa, Kwari: Ku maza kun tsaya kan ƙarfe kun bar kuɗi. Ɗana, kada ka saki kaya babu kafin alƙalami. Ya turo rabi da kuɗin dako, ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba hoton rasit ba. Sauran rabin ya biya a tasha kafin a miƙa masa.

Makanike daga Ƙofar Ruwa: Hajiya, shi ma yaron yana da gaskiyarsa, ana cinye wa mutane kafin alƙalami. Ni da za a bi tawa, a samu ɗan uwa a Legas, a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko a Agege, ya karɓi kayan, mai saye ya zo da makanikensa ya juya ya gani, ya biya nan take. A ba ɗan uwan la'adarsa.

Hajiya mai atamfa, Kwari: In ya gani ya ce ya fasa fa? Wa zai biya kuɗin dawowa? Ko ba rabi ba, kuɗin dako da na kafinta dai shi zai fara turowa.

Mai tambaya: Na kira shi. Motarsa E36 ce, 328i, difaranshal ɗinta 2.93 ne mara kulle, shi ya sa yake son nawa. Ya ga bidiyon, ya yarda zai turo kuɗin dako da na akwati yau, sauran a hannun wani yayan abokina da ke Agege. Kafinta ya ce gobe da azahar. Saura mota: ta tashar Sabon Gari zan bi ko in jira tirela?

Direban babbar mota: Bi ta tasha, tirela sai ta cika take tashi. Karɓi rasit, ɗauki hoton lambar motar da akwatin a cikin but, ka karɓi wayar direba da ta yaronsa. Ka tsaya a sa shi a ƙasa a gabanka, kada a ɗora shi kan kayan mutane.