Neman kalma: learning disability da intellectual disability

Malama Rabi: Assalamu alaikum malamai. Ranar Litinin zan gabatar wa ɗalibai masu koyon malanta jadawalin kwatanta rukunan nakasa. Makanta, kurumta da nakasar gaɓoɓi ba matsala, Hausar learning disability da intellectual disability ce ta tsaya min. Wani ya ce in sa "taɓin hankali" a ta biyun.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Kada ki sa, Malama, taɓin hankali ciwo ne daban. Intellectual disability sharuɗɗa uku gare ta: makin gwajin IQ (gwajin auna basira) wajen 70 zuwa ƙasa, alhali matsakaici 100 ne, gazawa wajen hidimar kai, kamar sa tufafi ko bin umarni mai matakai, sannan abin ya bayyana tun ƙuruciya. Ni "tawayar basira" zan ce. Ɗayar kuma "tawayar koyo": yaron basirarsa lafiya lau, ka tambaye shi da baki ya amsa tsaf, a miƙa masa takarda ya kasa haɗa baƙi da wasali.

Hajiya Ladi: Ki duba inda aka buga littafinki. A Amurka learning disability na nufin irin su disleksiya (wahalar karanta rubutu), a Ingila kuwa tawayar basira suke nufi da ita. Nan ɗalibai ke rikicewa.

Baban Khalifa: Wai me ya kai mu ƙirƙira? Hausa na da "daƙiƙanci" tun kaka da kakanni. Sai Bature ya raba abu biyu mu ma mu raba?

Hajiya Ladi: Haba Alhaji, wannan ai zagi ne. Wace uwa ce za ta sa hannu a takardar da aka kira ɗanta daƙiƙi? Su ma Amurkawa sun cire mental retardation, tsohon sunan intellectual disability, daga dokokin tarayyarsu a 2010. Kuma rabawar ta aiki ce: mai disleksiya horon sautin haruffa da ƙarin lokacin jarrabawa yake buƙata. A haɗa shi da masu koyon hidimar kai, an cuce shi.

Baban Khalifa: To "disleksiya" fa, Hausar wane gari ce?

Malam Garba: Aro ce, kamar yadda aka aro "sabulu" da "kimiyya". Aro ba abin kunya ba ne.

Baban Khalifa: "Tawayar koyo" na yarda, ba don raina ya so ba. "Basira" kuwa Larabci ce.

Malama Rabi: Na gode. Na ɗauki "tawayar koyo". Ɗayar zan rubuta "tawayar basira" da fensir tukuna.