Allunan tarihi na bakin hanya a kwarin kogin Ohayo: wa ke rubuta su?

Direban_Kolambas:
Assalamu alaikum jama'a. Ni direban babbar mota ne, aikina yakan bi da ni ta hanya mai lamba 7, wadda ke bin gaɓar kogin Ohayo a jihar Ohayo ta Amurka. Shekara uku ke nan ina wuce waɗannan allunan ƙarfe masu ruwan ƙasa da rubutu ruwan zinariya, ban taɓa tsayawa ba. Ran Asabar ɗin nan mota ta ba ni matsala a Marietta, makanike ya ce sai yamma, sai na shiga gari da ƙafa ina karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na tsinta shi ne, ranar 7 ga Afrilu 1788 mutum 48 ƙarƙashin Rufus Putnam suka sauka daga jirgin ruwa a inda kogin Muskingum ya haɗu da Ohayo, suka kafa garin Marietta. Ko'ina ka juya sai ka ga "na farko", gari na farko, wannan na farko, wancan na farko. To ina cikin tafiya sai na faɗa wata maƙabarta, a tsakiyarta ga wani tudun ƙasa da hannu ya tara, tsayinsa kamar ƙafa 30, da kwari zagaye da shi, har da matakala zuwa sama. Na hau ina haki. An ce mutanen da ake kira Adena ne suka gina shi tun kafin Bature ya san da nahiyar. Nan kaina ya ɗaure: in ga kabarin wasu a tsaye, ta yaya waɗanda suka zo suka tarar da shi suka zama na farko? Wa ke rubuta allunan nan, kuma a yarda da su?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam Malam. Ba gwamnati ce ke zama ta tsara su daga sama ba. Mutanen gari ne, ko wata ƙungiyar tarihi, ko coci, ke neman a kafa allo, su kawo hujjojinsu da kuɗinsu, sannan hukumar tarihin jihar, Ohio History Connection, ta duba ta amince. Ka ga kuwa maroƙi ba ya tona aibin ubangidansa. Ga shi allon ba ya ɗaukar dogon zance, dole a zaɓi abin da za a faɗa.

Amma ka sake duba lafazin da kyau. Yawanci cewa suke gari na farko na dindindin da Amurkawa suka kafa a Yankin Arewa maso Yamma, wato ƙasar da ke arewa maso yammacin kogin Ohayo, ba wai su suka fara zama a wurin ba. Maganar gaskiya ce, sai dai mai wucewa da gudu "na farko" kawai yake ɗauka. Yawancin mutanen Putnam tsoffin sojojin yaƙin neman 'yancin Amurka ne, kamfaninsu ya sayi filin daga majalisar ƙasa a 1787. Sunan garin ma daga sarauniyar Faransa Marie Antoinette aka ɗauko, don godiya kan taimakon da Faransa ta yi musu a yaƙin. Wani abin dariya, a Marietta ɗin ake zuba allunan, a wata masana'anta mai suna Sewah Studios.

Baban_Sadik:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni abin da ke ci mini rai shi ne majalisar ta sayar da ƙasar da ke da masu ita. Ƙabilun 'yan asalin ƙasar, Shawnee da Lenape da Wyandot, suna nan da ransu a lokacin, ba labarin tudu ba ne. Direba, in ka samu hali ka hau arewa zuwa Gnadenhutten a bakin kogin Tuscarawas. A watan Maris 1782 'yan bindigar sa-kai daga Pennsylvania suka kashe Lenape 96 a can, maza da mata da yara, Kiristoci ne da ba su ɗauki makami ba. Shekara shida ke nan kafin Putnam ya iso. Na je wurin da iyalina, akwai ɗan tudun da aka binne su, shiru kamar ba a taɓa yin komai ba.

Sannan ka je Big Bottom a gaɓar Muskingum, inda 'yan asalin ƙasar suka kai wa baƙin da suka zo zama hari a Janairu 1791. In ɗaya kawai ka karanta, za ka ɗauka ɓangare guda ne mugaye. A Nuwamban shekarar nan shugabannin yaƙin 'yan asalin ƙasar, Little Turtle da Blue Jacket, suka ragargaza rundunar Amurka ta Janar St. Clair, sojoji sama da 600 suka mutu. Sai bayan yaƙin Fallen Timbers a 1794 da yarjejeniyar Greenville a 1795 aka raba ƙabilun da mafi yawan Ohayo.

Kawu_Idi:
Ku dai yi wa mutanen nan adalci. Tudun da direba ya hau, su suka keɓe shi suka hana a rushe, alhali a wurare da yawa garma ta baje irinsa. Kuma dokar 1787 da ta kafa yankin ta haramta bauta a cikinsa. Tsallaken ruwan nan da kake hangowa Virginia ce a wancan lokacin, ana saye da sayar da mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Direban_Kolambas:
Na gode ƙwarai. Kawu, ban san da zancen tsallaken kogin ba, ga shi na daɗe a kan gadar ina kallon ruwa. Baban Sadik, Gnadenhutten ba ta kan hanyata, kuma babbar mota ba ta samun wurin tsayawa a irin waɗannan garuruwa. Sai dai in je da ƙaramar mota ranar hutu. Daga babbar hanya ta 77, ta wace mafita ka bi?