Targaɗe a idon sawu: yaushe ɗan wasa zai iya komawa fili?

Lamba Huɗu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Wani ɗan wasan ƙungiyarmu ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai, da ya sauko sai ya dira a kan ƙafar abokin karawarsa, tafin ƙafarsa ya lanƙwashe ciki. Idon sawun ya kumbura ta waje, jini ya kwanta a wurin, amma yana iya takawa da ɗingishi. Wasu sun ce a gasa masa da ruwan zafi a yi tausa, wasu kuma sun ce ƙanƙara ce magani. Wanne ne daidai, kuma yaushe zai koma atisaye?

Malama Mai Jinya:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi gardamar zafi da sanyi, a fara tabbatar da cewa ƙashi bai karye ko ya tsage ba. Akwai wata ƙa'ida da likitoci suka fitar a birnin Ottawa na Kanada a 1992, wadda har yau ake aiki da ita a ɗakunan agajin gaggawa. Ka danna bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefe da gefen idon sawu, daga ƙarshensu zuwa santimita 6 sama, sannan ka danna tsakiyar ƙafa ta ciki, da gindin ƙashin da ya bi gefen waje ya nufi ƙaramin yatsa. Idan zafin a kan ƙashin yake, ko kuma ya kasa yin taku huɗu, to a kai shi a ɗauki hoto. Iya takawa alama ce mai kyau, amma ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

A kwana biyu zuwa uku na farko kada a kusanto da ruwan zafi ko tausa, domin suna buɗe hanyoyin jini su ƙara kumburi. A naɗe da bandeji ba tare da matsewa sosai ba, ya kwanta ya ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a riƙa ɗora ƙanƙara cikin tawul na minti 15 zuwa 20.

Tsohon Koci:
Na yarda da Malama, sai dai kada a ɗauki ƙanƙara fiye da matsayinta. Dokta Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da naɗi da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan sanyi da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Ƙanƙara tana rage raɗaɗi ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda 'yan wasa ke kwanciya har zafi ya tafi, sannan su ɗaura takalmi su faɗa wasa kai tsaye. Jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar nan su ne kuma ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa, kuma bayan targaɗe wannan saƙon yana yin rauni ko da kumburi ya saɓe. Dalilin da ya sa ke nan ƙafar da ta taɓa gurɗewa take yawan maimaitawa. Da zarar zafi ya lafa, ya fara juya ƙafar yana zana haruffa a iska da babban yatsa, sai ɗage diddige a tsaye, sai tsayuwa a kan ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, daga baya ya yi idonsa a rufe. Ni ba na mayar da ɗan wasa fili sai ya yi sassarfa, ya yi gudu da kwana kwatsam, ya yi tsalle a kan ƙafar mai ciwo ba tare da ya yamutsa fuska ba, kuma gari ya waye ba ta kumbura ba. Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, matsakaici har shida, wanda jijiya ta tsinke kuwa watanni ne. Kada kuma a ba shi maganin kashe zafi don ya samu ya buga wasa.

Lamba Huɗu:
Na gode ƙwarai. Mun gwada, bayan idon sawun ba ya jin komai, amma da aka taɓa gindin ƙashin nan na gefen ƙaramin yatsa sai da ya janye ƙafarsa.

Malama Mai Jinya:
To, a dakatar da duk wani motsa ƙafa, ya daina ɗora mata nauyi, a kai shi asibiti a ɗauki hoton tafin ƙafar. Wannan ƙashin yakan ɓalle a daidai irin lanƙwasar da ka bayyana, domin wata jijiya ce ke fizgar gindinsa. Idan kuma yatsunsa suka yi sanyi ko suka sandare kafin ku isa, a kwance bandejin nan take.