Tafiyata ta farko zuwa Guangzhou: fargaba ta hana ni barci

Auwal: Assalamu alaikum. Yayana ne ya saba zuwa ƙasar Sin saro mana kaya, amma bana rashin lafiya ya kwantar da shi, ya ce ni zan wakilce shi a baje kolin Canton na watan Oktoba da ake yi a birnin Guangzhou. Ban taɓa zuwa inda ba na jin harshen mutane ba, kuma idan na shiga cunkoso na rasa hanya, zuciyata kan riƙa dukan uku-uku, numfashina ya yi sama, har in ji kamar zan faɗi. Shin in ɗauki tafinta na tsawon kwanakin duka, ko in jira zagayen Afrilu mu tafi tare da shi? Biza ta fito, tikiti ne ban yanka ba.

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka sauka a unguwar Xiaobei, akwai baƙi 'yan Afirka da yawa da gidajen abinci na halal, ba za ka yi kewa ba.

Alhaji Tanimu: Kafin maganar abinci, ka saurari abin da ya same ni. Wani dillali ya karɓi kuɗina a kan zai tarbe ni a filin jirgin Baiyun, na sauka cikin dare babu shi babu dalilinsa. Na buɗe WhatsApp in kira shi ya ƙi aiki, domin ban san a toshe yake a can ba, haka Google da Facebook. Awa huɗu na yi zaune a kan akwatina, hannuna na rawa, gumi na zuba duk da sanyin wurin, ina ta maimaita innalillahi. Wata dattijuwa mai shara ce ta lura da ni, ta kawo mini ruwan zafi a kofin takarda, ba ta ce uffan ba. Da na fita na nuna wa direban tasi sunan otal da haruffan boko, ya duba ya girgiza kai. Tun daga ranar ba na tashi sai da adireshin masaukina a rubuce da rubutun Sinanci, a takarda, cikin aljihun gaba tare da fasfo.

Nura: Allah Ya kiyaye gaba, Alhaji. Ni tafinta na ɗauka, yuan (kuɗin Sin) 400 a wuni, ya raka ni har Pazhou, inda ake yin baje kolin, a jirgin ƙasa layi na 8.

Alhaji Tanimu: Wannan ba a lokacin baje koli ba ne. Ni 700 na biya, ban da abincinsa.

Maman Sadiya: Auwal, ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma abin da ka kwatanta ya yi kama da farmakin firgici. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya lafa. Idan ya taso, ka nemi bango ka jingina, ka ja numfashi a hankali, ka fitar da shi a tsawon lokacin da ya fi na shaƙa. Ka ga likita kafin ka yanke shawara, a duba zuciyarka, kuma in an rubuta maka magani ka tafi da takardarsa. Lambar motar asibiti a can 120 ce, ta 'yan sanda 110.

Alhaji Tanimu: Da girmamawa, 'yar'uwa, kin taɓa zuwa Sin? Wanda ya kwana a filin jirgi shi ya san abin da ake faɗa.

Maman Sadiya: Ban je ba, Alhaji, amma yaron nan a kan jikinsa ya yi tambaya, kai kuwa labarinka sai dai ya ƙara masa tsoro.

Nura: Abin tsoro na gaskiya tsinkayen cin abinci ne. Abokin tafiyata ya shafe minti 20 yana farautar ƙwayar gyaɗa ɗaya a faranti.

Auwal: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. To amma in tafi yanzu ko in jira Yaya?

Hajiya Bilki: Alhaji, wai dillalin nan ya maido maka kuɗinka kuwa? Ni dillalina ya kai ni gidan haya maimakon otal, bai gaya mini dole baƙo ya yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24 ba, alhali a otal su ke yi wa mutum. Kwana uku na yi gabana na faɗuwa duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Alhaji Tanimu: Ko sisi, Hajiya. Ya sauya lamba, kuma na ji har yanzu yana karɓar fasfon mutane.