Neman kalma: "underground" da "heavy" a harkar kiɗa, me za mu ce da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Wani aiki ya tsaya mini a maƙoshi tun shekaranjiya. Labari aka ba ni in mayar Hausa a kan wani bikin kaɗe-kaɗe mai suna Roadburn, wanda ake yi duk watan Afrilu a garin Tilburg na ƙasar Holan. Tun 1999 aka soma shi, yanzu kwana huɗu ake ɗauka ana yi. Jimlar farko ce ta kayar da ni, don kalmomi huɗu aka jera a cikinta: eclectic, underground, experimental, heavy. Na rubuta "bikin kiɗan ƙarƙashin ƙasa mai nauyi", na karanta wa ƙanwata, sai ta ce, "Yaya, a rami suke yi? Kuma wa ya ɗauki nauyin?" Nan take na goge. Malamai, a taimaka.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki gode wa ƙanwarki, ta fi ki kunne. Mu a ɗakin labarai ba mu cewa "ƙarƙashin ƙasa" sai in ana ƙulla makirci, ko ana shirin yi wa wani zagon ƙasa. Kina faɗa wa Bahaushe haka, abin da zai jira ya ji a gaba shi ne mutum nawa 'yan sanda suka kama. Ni da a ce a tebur ɗina aikin ya faɗo, "kiɗan bayan fage" zan rubuta in wuce.

Bazazzage:
Baba, a gafarce ni, amma bayan fage ma bai tsira ba. Kasuwar bayan fage ita ce inda ake canjin dala ba ta banki ba, kuma in aka ce wane ya samu kwangila ta bayan fage, kowa ya san ba yabo ba ne. Ga 'yan fim su ma sun riga sun kama kalmar, suna nufin masu kyamara da masu fitila, waɗanda ba a gani a allo. Mutanen nan kuwa a kan fage suke, gaban jama'a. Kafin mu yanka wa jariri rago, wanda ya taɓa ganinsa ya gaya mana kamanninsa.

Baƙon Holan:
To ni na taɓa zuwa, wani abokin aikina Bature ne ya ja ni. Babu ɓoyo a ciki ko kaɗan, tikiti ake sayarwa a fili. Cibiyar bikin wani gidan kiɗa ne da ake kira 013, lambar wayar garin ce aka mayar suna, kuma babban zaurensa yana cin mutum wajen dubu uku. Akwai wasu ƙananan zauruka a kusa, kana fita daga wannan ka faɗa wancan.

Abin da suke nufi da kalmar underground shi ne kiɗan da ba za ka ji shi a rediyo ba, ba a tashe yake ba, manyan kamfanoni ba su damu da shi ba. Ƙananan kamfanoni ne ke buga faifan, wani lokaci 'yan ɗaruruwa kawai. Makaɗi zai sauko daga dandamali da guminsa, ya tsaya bayan tebur yana sayar da rigunansa da faifan garmaho da hannunsa, yana ba ka canji. Masu sauraro kuma kamar 'yan uwa ɗaya, daga ƙasashe daban-daban, sun san sunan wanda ni ban taɓa ji ba har da shekarar da ya canza mai ganga. Akwai wata al'ada da suka daɗe suna yi a shekarun baya: mai tsara bikin, Walter Hoeijmakers, yakan miƙa wa wani makaɗi wuƙa da nama ya zaɓo waɗanda za su yi wasa a wani ɓangare. A 2009 ƙungiyar Neurosis aka ba, a 2011 kuma Sunn O))). Shi ya sa ba ka sanin abin da za ka tarar.

Ɗan Kurmi:
To ai shi ke nan, kiɗan bayan gari!

Bazazzage:
Allah ya shirye ka. A ƙauyenmu in mutum ya ce zai je bayan gari, buta ake miƙa masa.

Badamagare:
Salamu alaikum. Bayanin ɗan'uwa na Holan ya tuna mini abin da muka gani da idonmu a nan Nijar. Mdou Moctar, Buzun nan mai jita, a Sakkwato ya yi rikodin faifansa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran muryar nan ta mawaƙan fim ɗin Hausa. Ba kamfani, ba talla, ba tele. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka riƙa yawo, a memori, a tasha, a majalisar shayi. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattaro irin waɗannan waƙoƙi na cikin wayoyin mutane, ya fitar da su a kamfaninsa Sahel Sounds a 2011, daga nan duniya ta ji. Lokacin da abin ke yawo a hannunmu ba wanda ya ɓoye shi, hukuma ba ta hana ba. Kawai bai bi ta babban titi ba ne, ta lungu ya bi. Me zai hana a ce kiɗan lungu?

Malama Bakatsiniya:
Ɗan'uwa, ka harbi tsuntsun. Abin da ya burge ni shi ne kalmar ta zo da kishiyarta a hannu. Wanda kowa ke ji, ana sa shi a gidan biki da cikin adaidaita, mun riga muna da sunansa: kiɗan yayi. To ga kiɗan yayi, ga kiɗan lungu. Har ma za ka iya cewa wane ya fito daga lungu ya shiga yayi, kamar shi Mdou ɗin da daga baya kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi. Baturen yana auna abin da sama da ƙasa ne, mu kuma garinmu da titi da lungu muka san shi.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Ina da ja. Lungu a kunnen mutanen birni yana warin 'yan daba da masu shaye-shaye. Kada mu gudu daga makirci mu faɗa sara-suka.

Malama Bakatsiniya:
Gaskiyarka Baba, amma ka tuna mai tsiren da ya fi kowa iya yaji ba a bakin titi yake ba, sai ɗan gari ya raka ka. Malamin zauren da ake tsallako unguwanni a zo ɗaukar karatu wurinsa shi ma a lungu yake zaune. Lungu na da fuska biyu, kuma ita kalmar Turancin haka take, akwai ɗan ƙurar rashin yarda a jikinta. Ni ina ganin wannan ƙurar ma riba ce.

Tsohon Ɗan Rediyo:
To, na sakar muku. Amma a fara rubuta shi da ɗan bayani a karon farko.

Mai Fassara:
Na rubuta, na gode. Saura "heavy", wanda shi ne ya fi ba ni ciwon kai.

Ɗan Kurmi:
Ba daga heavy metal aka samo shi ba? Kiɗan ƙarfe mana.

Bazazzage:
Sai a tambaye ka ƙarfe nawa. Amma kada mu yi dariya da yawa, don akwai ƙarfe na gaske a tarihin. A Birmingham ta Ingila, garin masana'antu, aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, kuma su ake ɗauka iyayen wannan kiɗa. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a wata masana'antar ƙarfe, ranar da zai bar aikin. Bahago ne, wato da hannun nan yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya nemi siraran tsirkiya, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ya san in ka sassauta tsirkiya sauti yakan sauka ƙasa ya yi gurnani. Wannan gurnanin shi ne suke kira heavy. Har na so in ce kiɗan maƙera, sai na tuna maƙeranmu suna da kiɗansu tun kaka da kakanni, kamar yadda mahauta ke da kalangu. Ba za mu ƙwace musu suna mu ba wa Bature ba.

Shawarata, shi metal a bar shi metal, yadda muka bar rege da disko. Siffar ce muke nema.

Malama Bakatsiniya:
Malam, ka ce sauti ya sauka ƙasa. A nan nake so mu tsaya. In namiji na da irin muryar nan ta gurnani, me muke cewa? Ba mu cewa muryarsa na da nauyi. Cewa muke muryarsa na da kauri. Ta mace kuma siririya. Bahaushe ba ya ɗora sauti a kan sikeli, faɗinsa yake ji. Tambari kauri gare shi, sarewa siririya ce. Don haka kiɗa mai kauri, ko kakkauran kiɗa.

Baƙon Holan:
Wallahi Malama kamar kina wurin. Su Sunn O))) ɗin nan, mutanen Seattle ne, sunan wani kamfanin amsa-kuwwa suka ɗauka. Suna fitowa cikin dogayen riguna masu hula kamar alkyabba, hayaƙi ya turnuƙe dandamali, sai a kaɗa tsirkiya sau ɗaya a bar ta tana ruri ba gaggawa. Yawanci ba ganga, ba abin da za ka taka rawa da shi. Ba kunnenka ne ke ji ba, ƙirjinka ne da ƙafar wandonka ke karkarwa, kowa da abin toshe kunne. In wannan ba kauri ba ne ban san kauri ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Taken da bikin ke tafiya da shi 'yan shekarun nan shi ne sake wa kalmar heavy ma'ana. A zaure na gaba sai ka tarar da mace ɗaya da fiyano, tana waƙa a hankali kan mutuwa da rashi, mutane ɗaruruwa sun yi tsit, wasu na share hawaye. Ita ma heavy suke ce mata. Wannan fa ba kauri a ciki, muryarta kamar zare.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Yawwa. To a nan 'yata ba ta yi kuskure ba tun farko. Wannan nauyi ne. Muna cewa magana ta yi nauyi, bakina ya yi nauyi in faɗa, abin ya yi wa zuciyata nauyi. Bature ya cusa abu biyu cikin buhu ɗaya, shi ya sa har sai da suka yi taken sake fassara. Mu buhunmu biyu: kauri na kunne, nauyi na zuciya. Mai fassara ta duba jimla ta ga wanne ake nufi. In ana zancen jita da amsa-kuwwa, kauri. In ana zancen abin da waƙa ta bari a ranka bayan ka fito, nauyi.

Bazazzage:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gargaɗi ɗaya: a kula da lanƙwasa. Kauri, ba ƙauri ba. Kada edita ya ga kalmar ya ɗauka an manta ƙugiya ya gyara, a wayi gari ana bikin kiɗan da ya ƙone.

Ɗan Kurmi:
Eclectic kuma hatsin bara, ko haɗin gambiza.

Malama Bakatsiniya:
Duka biyun raini ne. Hatsin bara abin da aka zuba maka ne, ba ka zaɓa ba, nan kuwa an ce har mutum ake naɗawa ya zauna ya zaɓo. "Salo iri-iri" ya wadatar, mu wuce.

Badamagare:
Experimental fa? Mu nan muna da Mamman Sani, wanda ya samo ogan na lantarki ƙirar Italiya ya riƙa zuba masa karin waƙoƙin gargajiya. Kaset ɗinsa na 1978 ne, kuma shekara da shekaru ana sa kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da tele, mutane na ji ba su san mai shi ba. Yana cikin waɗanda suka fara bin hanyar nan a ƙasarmu. Kiɗan gwaji ke nan?

Tsohon Ɗan Rediyo:
Kiɗan gwaji shi ne wanda ake yi kafin baƙi su zo, ana buga makirfo ana cewa halo halo. Ni lalube na fi so. Mai lalube bai san abin da hannunsa zai kamo ba.

Bazazzage:
Lalube na da daɗi a baki Baba, amma yana nuna kamar makaɗin bai san hannunsa ba. A ninka kalmar kawai. Gwaji sau ɗaya ne, gwaje-gwaje kuwa sana'a ce.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Ku rubuta naku. Ni a bakina lalube ne.

Mai Fassara:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Lokacin miƙa aiki ya matso, ga abin da na tsayar: "Roadburn kalankuwa ce ta kiɗan lungu, wato wanda ba na yayi ba, inda ake kwana huɗu ana baje salo iri-iri, daga kakkauran kiɗa zuwa na gwaje-gwaje." Na ajiye "nauyi" sai a sakin layi na uku, inda ake zancen masu waƙar baƙin ciki. Baba, na san za ka ce kalankuwa bayan girbi ake yi ba a Afrilu ba, amma in na ce biki za a tambaye ni ina amarya.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Da ma shi zan ce. Amma bar shi.

Mai Fassara:
Na sake karanta wa ƙanwata. Kauri ya wuce ba gardama. Sai da na kai wurin zauren 013 ta tsayar da ni, ta ce, "Yaya, wane irin lungu ne wannan mai cin mutum dubu uku?"

Baƙon Holan:
Ki gaya mata su ma can rigimar da suke yi ke nan duk shekara. Abokina da ya kai ni yana ta ƙorafi wai bikin ya yi girma, an fara ganin baƙin fuska. Ina tsaye kusa da shi yake faɗa.