Dala biliyan 22 a kan maganin da bai fito kasuwa ba

Mai Kemis Fagge: Salamu alaikum. Tunda a gidan nan ba mai tofa baki sai an taɓo siyasa, bari in faɗi abin da ke ci mini rai. A Oktoban 2023 kamfanin Merck na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da Daiichi Sankyo na Japan a kan magungunan ciwon daji guda uku, aka ambaci kuɗi har dala biliyan 22. A lokacin ko ɗaya a cikinsu ba a ba shi izinin shiga kasuwa ba. Wannan ai caca ce tsagwaronta. Su zuba kuɗi a can, in sun faɗi su fanshe a kan marar lafiya. Mu kuma a nan mace za ta zo da takardar likita, ka lissafa mata kuɗi, ta ce ka sa almakashi ka yanko mata ƙwaya huɗu daga katin, sauran sai Allah ya hore. Ta fita tana cewa masu kemis ba su da imani. Mu ne muke sa farashin?

Ustaz: Wa alaikumus salam. Alhaji, janye kalmar caca. Caca hukunci ce a shari'a, ba a jefa ta haka kawai. Sai ka kawo dalili.

Mai Kemis Fagge: Allah gafarta Malam, ka biya kuɗin abin da ba ka san zai yi ko ba zai yi ba, mene ne sunansa?

Ustaz: In ma za a sa masa suna, garari za a ce, wato cinikin abin da ba a san tabbacinsa ba. Hadisi ya hana cinikin garari, ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana. Wannan babi daban, caca babi daban.

Ɗan Famasi: Ku duka biyu kun tsallake lissafin. Ba wanda ya ƙirga wa wani biliyan 22. Abin da aka biya a farko biliyan 4 ne, sai biliyan 1.5 da aka ce za a bayar cikin shekara biyu da ƙulla yarjejeniyar. Ragowar biliyan 16.5 ba za a taɓa su ba sai magungunan sun fito sun kuma kai wani adadi na ciniki. 'Yan jarida ne suke haɗa su wuri ɗaya don kanun labari ya yi ƙara. Ribar kuma raba ta za su yi daidai a ko'ina ban da Japan, can Daiichi ya riƙe kayansa shi kaɗai.

Ustaz: To ka ji. In biyan ya rataya a kan nasara, ai ya fi kama da ji'ala, wato ladan da ake alƙawartawa ga wanda ya cika wani aiki. A Suratu Yusuf an ce wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda.

Malam Na Ƙofar Mata: Ustaz, a ji'ala ana ba da kafin alƙalami na biliyan 4? Ina ka karanto wannan? Ko a wayar hannu?

Ustaz: Ni dai ban yi karatun zaure a wurinka ba, balle ka tambaye ni ijaza.

Malam Na Ƙofar Mata: Shi ya sa. Da ka zauna a zauren da ka san bambanci.

Admin: Malamai, don Allah. Ba zancen aƙida a gidan nan, doka ta uku.

Anti Nas: Ni da na yi aiki a ɗakin masu ciwon daji, zancenku duk sama yake bi ta kaina. Irin magungunan nan ana ɗaura guba ne a jikin wani sinadari da ke neman ƙwayar dajin, ya kai mata har gida, maimakon a watsa gubar a jiki gaba ɗaya. Wanda ya ga yadda kemo ke zubar da gashi, baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, ba zai raina wannan ba. Sai dai majinyatanmu ko sunansu ba sa ji. Da yawa sai ciwon ya ci jiki ake kawo su, kuɗin hoto ma sai an sayar da akuya.

Mai Kemis Fagge: Yauwa Anti, abin da nake faɗa ke nan.

Anti Nas: A'a Alhaji, ba shi kake faɗa ba. Kai kana kare aljihunka ne.

Ɗan Famasi: Bari in ƙara wa Alhaji harsashi duk da haka, don adalci. Ɗaya daga cikin ukun, patritumab, a 2025 kamfanonin biyu sun janye takardar neman izininsa a Amurka, saboda gwajin bai nuna yana ƙara tsawon rai yadda ake so ba. Amma a ɗaya gefen, a 2019 AstraZeneca ta ba wa wannan Daiichi ɗin dala biliyan 1.35 a farko a kan Enhertu, yau yana cikin manyan magungunan dajin mama a duniya. Kusan tara cikin goma na magungunan da ake fara gwadawa a jikin mutane ba sa kai labari. Merck kuma ba don Allah ya shiga ba: maganinsa na daji Keytruda, wanda ya kawo masa dala biliyan 25 a 2023, haƙƙin mallakarsa zai fara ƙarewa a 2028, dole ya nemi magaji.

Mai Kemis Fagge: Tara cikin goma na faɗuwa, amma a ce ba caca ba? Na gode da ka taya ni.

Ɗan Famasi: Manomi ma yana zuba taki bai san damina za ta yi ba. Ɗan caca ne?

Baba Tsoho: Ku bar wannan surutun. Waɗannan ba su ne suka zo Asibitin Zana a 1996 lokacin sanƙarau suka gwada magani a kan yaranmu ba? Yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Ina raye aka yi.

Ɗan Famasi: Baba, Allah ya ƙara girma, wancan Pfizer ne, maganin kuma Trovan. Ba Merck ba ne. An yi shari'a, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, kamfanin kuma ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe yaran.

Baba Tsoho: Duk kanwar ja ce. Kai nawa suke biyanka?

Ɗan Famasi: Da suna biyana, Baba, da ba a Keke Napep nake zuwa aiki ba.

Ɗan Maraɗi: Ni tambaya gare ni. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro R21, ba haɗin gwiwa ba ne tsakanin Jami'ar Oxford da Serum Institute na Indiya, da wani sinadari daga Novavax? Ga shi an fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Shi ma caca ne?

Mai Kemis Fagge: Wannan daban.

Ɗan Maraɗi: Ta ina ya zama daban?

Mai Kemis Fagge: Kai ka fara gaya mana a ina 'yan kasuwarku suke saro magani kafin ka yi mana tambaya.

Ɗan Maraɗi: A wurinku mana, shi ya sa ciwon ba ya warkewa.

Ɗan Famasi: Tsakani da Allah, Alhaji, tsadar da ke kan kantarka ba ta da alaƙa da Japan. An saki naira a Yunin 2023, a Agusta kamfanin magani na GSK ya sanar zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya ya miƙa wa dillalai, Sanofi ya biyo baya. Ga dillali na ɗaya, na biyu, na uku, kowa da ɗorinsa. Kuma maganin da matar nan ta zo saya da takardar likita, lasisin kemis ya ba ka damar sayar da shi?

Mai Kemis Fagge: Ka ga irinta ko! Ku 'yan famasi kullum haka kuke. Shekara talatin muna ba mutane magani a unguwa, ƙarfe biyun dare a buga mana ƙofa mu tashi, kuna ina? Da bakinku aka rufe shagunan Sabon Gari a 2024 aka ce kowa ya koma kasuwar magani ta Dangwauro.

Ɗan Famasi: NAFDAC da hukumar famasi suka rufe, ba ni ba. Kuma maganin da aka jibge a shago ba fanka, rana na dukan kwano, sunansa magani?

Mai Kemis Fagge: Yaro, na girmi babanka a sana'ar nan.

Anti Nas: Girma ba ya sanyaya insulin, Alhaji.

Ustaz: Har yanzu dai ba a janye kalmar caca ba.

Admin: To jama'a, na rufe. Taƙaitawa: Alhaji ya kawo ƙorafi mai ƙarfi kuma babu wanda ya iya rushe shi. Ɗan Famasi da bakinsa ya yarda tara cikin goma faɗuwa suke, ya kuma yarda ɗaya daga cikin ukun ya samu matsala, saboda haka zancen caca ya tabbata. Baba ya tuna mana tarihi, mun gode. Malamai ba su daidaita ba. Ana jan hankalin matasa su riƙa girmama manya, musamman waɗanda suke taimakon unguwa da bashin magani.

Ɗan Maraɗi: Admin, ina tambayata ta R21? Ba ka sa ta ba.

Anti Nas: Ina zai sa ta, kemis ɗin na yayan matarsa ne.

*Admin ya canza saiti: masu kula da zaure kaɗai ke iya aika saƙo.*